Kwana uku da dasa min haƙori, kumburi sai ƙaruwa yake

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 54, ina da ciwon suga amma ina shan magani. Ranar Litinin aka dasa min turame biyu a muƙamuƙin ƙasa a wani asibiti a Alƙahira, jiya na dawo gida. Yau kwana uku ke nan, kumatuna ya fi ranar farko kumbura, bakin ma ba ya buɗuwa sosai. Hankalina ya tashi. Uwargida ta ce a yi min gashi da ruwan zafi, ƙanena kuma ya sayo min kafso daga kemis. Wani abokina da aka yi masa irin aikin ya ce in kwantar da hankali, da zarar ciwon ya lafa shi ke nan, ƙarfe ne ba ya ruɓewa, har goro sai in ci. Don Allah aikin ya lalace ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi.

Abin da ka bayyana bai nuna aikin ya lalace ba. Kumburin wannan tiyata yakan kai maƙura ne tsakanin awa 48 zuwa 72, daga nan ya fara saɓewa, kuma riƙewar muƙamuƙi tare suke tafiya. Abin da zai sa ka nufi asibiti yau, ba gobe ba, shi ne zazzaɓi, ko mugunya, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan ka cije auduga mai tsabta na minti 30, ko kumburin ya gangara wuya har haɗiya ko numfashi su yi wahala. Sai kuma wanda mutane ke rainawa: in har yanzu leɓenka na ƙasa ko haɓarka a mace suke kamar allurar kashe zafi ba ta sake ka ba, kira wanda ya yi aikin nan take. Akwai jijiyar da ta ratsa ta cikin muƙamuƙin ƙasa, in ƙarfen da aka dasa a ƙashin ya danne ta, ba a jan lokaci.

Ka yi wa uwargida godiya, amma a bar gashin nan irin namu na tafasasshen ruwa da dannawa. Kwana biyun farko ƙanƙara ake sawa a cikin tsumma, minti 20 a ɗora, minti 20 a ɗauke. Yanzu da ka wuce nan, tsumma mai ɗumi kaɗan a kan kumatu ya wadatar. Kafson ƙanenka kuwa a ajiye shi. Ka sha abin da likitanka ya rubuta, ka kai shi ƙarshe. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ka guntsa, ka karkata kai a hankali, ka bari ya zubo da kansa, sau uku ko huɗu a rana. Wajen alwala ma haka za ka yi, ban da kurkura da ƙarfi. Ɗinki ana cire shi ne tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai dai in mai narkewa ne.

To, yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka gaba ɗaya. Kusan kullum sai na ji ta, kuma ta fi kowace ƙwayar cuta lalata mana aiki.

Lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Dasashi yakan rufe cikin mako biyu, mutum ya duba madubi ya ga komai lafiya lau. Amma aikin gaskiya a can cikin ƙashi yake. A ranar tiyata, abin da ke riƙe da ƙarfen matsewa ce kawai, kamar kusa a jikin katako. Bayan haka ƙashin da ya taɓa ƙarfen sai jiki ya fara narkar da shi yana gina sabo a madadinsa. Akwai wani tsakani, wajen mako na biyu zuwa na huɗu, da tsohon riƙo ya sassauta, sabon kuma bai kankama ba. Lokacin ne dashen ya fi rauni, kuma daidai lokacin ne mutum ya daina jin ciwo, ya ga kilishi ya ce bari ya ɗan taɓa. Motsin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, in yana maimaituwa, ya isa ya hana ƙashi kama ƙarfen. Sai wani nama mai laushi ya zagaye shi, bayan wata biyu a zo mana da shi yana girgiza. Irin wannan ba a ɗaure shi, cire shi ake yi.

Per-Ingvar Brånemark, likitan ƙasar Suwidin da ya gano cewa ƙashi na manne wa titaniyom (ƙarfen da ake yin dashen da shi), wanda ya dasa wa mutum na farko a 1965, watanni yake barin ƙarfen a binne kafin ya ɗora masa nauyi: kimanin wata uku a muƙamuƙin ƙasa, shida a na sama. Kayan aiki sun inganta, wani lokaci ana rage wa'adin, amma ƙashin ɗan Adam yana nan yadda Allah Ya halicce shi. Mai ciwon suga kuma nasa ya fi jinkiri, musamman in sugan na hawa da sauka. Don haka goro, rake, aya, ƙashin miya, tsire, kilishi, duk ka yi musu sallama a wannan ɓangaren har sai an ɗauki hoto an ce ya kama. Ka ci faten dankali, alala, ƙwai, kifi, tuwo mai laushi da miyar kuka, kunun da ya huce, ka tauna a ɗaya gefen. Fura da nono kuwa ka lura da sugan da ke ciki.

Sai ɗaya rabin maganar tasa, wai ƙarfe ba ya ruɓewa. Gaskiya ne, ƙarfen ba ya ruɓewa. Ƙashin da ke riƙe da shi fa? Haƙorin da aka haife ka da shi yana da wasu siraran zaruruwa tsakaninsa da ƙashi, masu jijiyoyi, su ne ke gaya maka ka ciji tsakuwa a cikin shinkafa. Dashe ba shi da su. Datti zai taru a wuyansa, dasashi ya kumbura, ƙashi ya riƙa zaizayewa shekara da shekaru, mai shi bai ji komai ba. Alamar farko sau da yawa ɗan jini ne a jikin buroshi, ko wari. Na sha ganin mutum ya kashe miliyoyi, ya shekara huɗu bai leƙa asibiti ba saboda ba ya jin ciwo, ya zo lokacin da rabin ƙashin ya tafi. Abin yana ci min rai, domin da a farko aka gani, wankewa kawai za a yi. Wasu ma kafin su iso sai sun biya ta wurin masu cire "tsutsar haƙori" a kasuwa, an zuba musu abin da ya ƙone dasashin. Babu wata tsutsa a haƙori, balle a jikin titaniyom. Haka masu danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙuna kawai take yi.

Saboda haka sauran haƙoranka ka ci gaba da goge su tun yanzu. Wurin aikin kuma, in an ba ka ruwan kurkura na Chlorhexidine ka yi amfani da shi mako ɗaya zuwa biyu, kada ka zarce domin yana rina haƙori. Asuwaki da tsinken sakace kada su kusanci ɗinkin. In kana shan sigari ko shisha, ka sani haɗarin faɗuwar dashe ga mai shan taba ya kai kusan ninki biyu.

Abu na ƙarshe, tunda a waje aka yi maka. Yau ɗin nan ka tura musu saƙo su aiko maka da sunan kamfanin da ya ƙera dashen, da tsawonsa da kaurinsa, da hoton ƙashin da aka ɗauka bayan aiki. Straumann daban, Nobel Biocare daban, Osstem daban, kowanne da irin abin kwance shi. Ban ga dalilin da asibiti zai karɓi kuɗin mutum ya sallame shi zuwa wata ƙasa ba tare da wannan 'yar takarda ba, amma ana yi, mu kuma a bar mu da lalube. In sun turo, ka kai wa likitan haƙori mafi kusa da kai cikin makon nan ya duba ɗinkin, ka tafi da sakamakon gwajin suganka na kwanan nan.