Amsa ga mai tambayar tsohuwar hanya da kwanan zango

Salamu alaikum jama'a. Ɗana da ka yi tambaya jiya da dare, ka ce ka kalli bidiyon wata tsohuwar hanya ta Amurka mai lamba 66 da gidajen mai da masaukai a bakinta, kake son sanin ko mu ma nan Damagaram muna da hanya mai tarihi haka, kuma ina matahiya ke kwana tun ba a zuba gudron, wato kwalta, ba. Na ga wasu sun amsa maka da cewa mu ba mu da komai sai ramuka, wallahi maganar ba ta min daɗi ba, shi ya sa na zauna zan rubuto maka, ka yi haƙuri da tsawon. Ni na shiga mota ina karen mota a 1974, shekarar da Kunce ya karɓi mulki, daga baya na kama sitiyari, sai da idanu suka fara gajiya sannan na aje.

Ita waccan ta Amurka a 1926 aka ba ta lambar, ta taso daga Shikago har Los Anjalas, wajen kilomita 3,900, kuma ba a gama shimfiɗa mata kwalta ba sai 1938. Kafin ita ma akwai wadda suke kira Linkon tun 1913, daga Niyok zuwa San Faransisko. To ka riƙe 1926 ɗin nan, don a shekarar ce Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai. Da mu ne cibiya, komai nan yake zuwa, daga ranar sai ya zama takarda da albashi da shari'a duk sai an nufi yamma, kusan kilomita 900. Abin da ya ba hanyar Yamai nauyi ke nan.

Amma asalin hanyarmu ba gabas da yamma ta kwanta ba, kudu da arewa take. Kano, Damagaram, Damargu, Agadas, har Tarabulus. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa unguwarmu ake ce mata Zango? Ai nan ayari ke sauka a bayan ganuwar Birni, Buzaye da Larabawa da fatake, a sauke kaya a ɗaure raƙuma, har wurin ya zama gari, har aka samu manyan attajirai irin su Malam Yaro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi tahiyar Kano da jakai yana saurayi, yakan ce kwana goma ko kusa da haka suke yi, madugu ne ke yanke inda za a kwana, kuma ba ya duba komai sai rijiya da ciyawa da amincin gari. Kowane zango akwai mai masauki da ya san ku, shi zai aje muku kaya, ya nemo mai saye, matan gidan su dama fura. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya cinikin Tarabulus, kaya suka koma bin teku ta Ikko, daga baya gyaɗar Magarya da Matamai ta zama ita ce babban kaya.

Mota kuma a ƙarshen 1924 wasu Faransawa suka ratso da motocin Citroën guda 8 masu sarƙa a baya kamar katafila, sun taso daga Aljeriya suka biyo Yamai da Tasawa da nan, suka wuce tabkin Chadi. A shekarun 1930 har an fara jigilar fasinja daga Aljeriya ta Tamanraset da Agadas zuwa Damagaram da Kano. Sai dai abin da nake son ku yaran yanzu ku sani, hanyoyin nan na farko da hannun kakanninmu aka share su, aikin dole ne, mai gari zai ba da mutane, a sare ƙaya, a ɗauko jar ƙasa a kwando bisa kai, babu biya. Kakana na wajen uwa ya yi shi, har ya rasu in ana hirar hanya shiru yake yi. Sai a 1946 aka soke aikin dolen.

Lokacin da na fara, yunwar fari ce ake ciki, muna ɗaukar jar dawar taimako, gudron guntu guntu ne, nan an zuba can ana aiki can kuma jar ƙasa ce mai kunya kunya kamar kwanon rufi, in ka tahi a hankali mota ta girgiza har haƙoranka, in ka yi gudu kuma ta ƙwace. Kwana biyu, kwana uku muke yi zuwa Yamai in an samu lahiya. Da damina kuwa akwai shingen ruwa, da an yi ruwa mai gadi zai sauke ƙarfe, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska don kar a ɓata hanya. A nan ake zama. Har yanzu ina ganin wani dare a idona, motoci sun hi goma a jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bodi, mu yara an aike mu itace, mai shayi ya kunna fitilar ƙwai, wata tsohuwa daga ƙauyen ta hito da tuwon hatsi da miyar kuka a akushi, ubangidana ya miƙa mata kuɗi ta ce a'a baƙon hanya baƙon Allah ne. Da za mu tashi da sahe sai ya ce in sauke mata kwanon dawa daga guzurinmu, kuma tun daga ranar ba mu taɓa wuce garin ba sai mun tsaya mun gaishe ta, har shekarar da muka zo aka ce ta rasu, ubangidana ya kashe mota muka je muka yi gaisuwa da kaya a bayanmu.

Kuma kowane gari da abinsa, ba ka buƙatar allo ka san inda kake. Takeita mararrabar Kano, raken Matamai na nan a jingine. Madawa tabarmi, Galmi warin albasa tun daga nesa, Ƙonni canji da mai, Dogon Dutsi ka hango duwatsun ka san ka ci rabin wahala. Ta gabas kuma tulunan Mirya da lambunan Gidimuni.

Wadda ta hi ba mu wuya ita ce ta arewa. Da ka wuce Tanut sai rairayi, sai ka rage iskar taya, in mota ta kafe a sauko da faifan ƙarfe a haƙa a cusa ƙarƙashin taya, ta hau ta yi taku kaɗan, ka ciro faifan da gudu ka sake kai shi gaba, haka har la'asar, hannu duk ya kumbura don ƙarfen zahi yake kamar wuta. Ruwa a salka muke rataye shi jikin bodi iska na bugunsa ya yi sanyi. A hanyar nan direba ba ya wuce motar da ta lalace, ko ba ku shiri sai ka tsaya, don wuce mutum a can kisa ne. Kuma ita ce fa yanzu ake kira hanyar ratsa Sahara, daga Aljes har Legas, bisa sawun raƙuman nan aka ɗora ta.

Ta gabas, daga Gure zuwa Gigimi, Kanada ce ta taimaka aka yi ta a farkon shekarun 1970 zamanin Diori, aka sa mata suna hanyar haɗin kai, kuma sunan ya dace, don kafin nan mutumin Diffa Maiduguri ta hi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba. Ta Tawa zuwa Agadas da Arlit kuma kuɗin yuraniyom ne suka yi ta wajen 1980, daga nan manyan kayan arewa suka koma bin can, mu tamu ta Tanut ta daɗe tana jira.

Can Amurka da suka fara manyan tituna a 1956 masu kewaye garuruwa, ƙananan masaukai suka mutu, har a 1985 aka cire lamba 66 daga lissahi, abin da ka gani a bidiyo ragowarsu ne da suka adana. Mu ba kewaye garuruwan aka yi ba, gudu ne ya cinye su. Yanzu kar, wato bas, na tashi da asuba ya kai ka Yamai da dare, tsayawa sai ta salla da cin abinci a gurguje, ni ma ina jin daɗin haka in zan je ganin jikoki, ba na fatan kowa ya koma turin mota a rairayi. Amma bara da muka zo garin tsohuwar nan na leƙa ta gilashi, gawon da muke kwana ƙarƙashinsa na nan, rumfar mai shayi babu, kafin in nuna wa yaron da ke kusa da ni har mun wuce.

In da gaske kake son tarihin nan, ranar Alhamis ka shiga kasuwar Dole, daga nan ka bi ta tasha ka nemi tsohin direbobi da 'yan kamasho, ka saya musu shayi ka kunna rikoda ta wayarka. Cikin waɗanda muka yi Tanut da Agadas tare mu huɗu muka rage, ɗaya ma ba ya hita yanzu, in ka shirya ka yi min magana in raka ka gidansa.