Maganin zugin ƙafa yana sa ni jiri, in daina sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne a Agege, ina ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mile 12. Shekarata 52, ina da ciwon suga. Da dare tafin ƙafafuna zugi suke kamar na taka garwashi, shi ne a asibiti aka rubuta mini pregabalin mai lamba 75, ɗaya da safe ɗaya da dare. Zugin ya ragu, amma jiri da barci sun dame ni, ƙafata kuma ta ɗan kumbura. Wani abokin aiki ya ce in haɗa da tiramol jiki zai warware. In haɗa ne, ko in watsar da maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun.

Shawarar abokinka ita ta fi tayar mini da hankali. Pregabalin da tiramol duk suna danne ƙwaƙwalwa, har da sashen da ke tafiyar da numfashi. In sun haɗu, mutum kan kwanta barci numfashinsa ya yi ta ja baya, na kusa da shi suna jin munshari suna cewa gajiya ce. A watan Disamba na 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan haɗin, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Haka abin yake da giya, da ƙwayoyin barci irin su diazepam, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018. A shekarar 2019 ɗin ma Birtaniya ta sa pregabalin cikin magungunan da doka ta tsaurara, saboda yadda ake shan sa don maye. Don haka wanda ya ce ka sam masa ƙwaya biyu, ka ba shi haƙuri.

Shi wannan magani aikinsa daban ne da na farasitamol. Suga in ya daɗe yana hawa yakan lalata ƙananan jijiyoyin ƙafa, su riƙa aika saƙon zafi ba tare da rauni ba. Pregabalin yana rage yawan wannan saƙo. Sai dai bai tsaya a ƙafa kaɗai ba, shi ya sa jiri da barci suka fi kowace illa yawa, sai bushewar baki, gani dishi-dishi da ƙarin ƙiba. Ga mutane da dama jirin yakan lafa bayan mako ɗaya ko biyu. Kafin nan, gaskiya ɗaya ce: kada ka riƙe sitiyari. Na san kwana ɗaya babu lodi asara ce, amma wanda gyangyaɗi ke fizga a gosulon hanyar Ikorodu da mota cike da kwandunan tumatir, ba ransa kaɗai ya sa a gaba ba. Koma wa likitan da ya rubuta maka, ka faɗa masa sana'arka ƙarara. Yana iya rage na safe ya bar na dare, ko ya sauya maka wani maganin.

Kumburin nan kuma kada ka raina shi. Sau da yawa maganin ne ke tara ruwa a ƙafa. Amma ƙoda ce ke fitar da pregabalin daga jiki, kuma suga na taɓa ƙoda a ɓoye. In ta yi rauni, maganin zai taru a jini, adadin da ya dace da wani ya yi maka yawa. Nemi a yi maka gwajin ƙoda, a duba zuciya. In kana shan maganin suga mai suna pioglitazone ka ambata, domin shi ma yana kumbura ƙafa. In metformin ka daɗe kana sha, a auna maka bitamin B12, ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan zugi.

Dainawa lokaci guda tana jawo rashin barci, gumi, tashin zuciya, ciwon kai da fargaba, wani har farfaɗiya, zugin kuma ya dawo. Sauka ake yi a hankali, cikin aƙalla mako guda, bisa tsarin likita. In ka manta wani sha har lokacin na gaba ya matso, ka bar shi ya wuce, kada ka haɗa biyu.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: kumburin leɓe, harshe ko fuska, numfashi da ƙyar, ƙuraje masu salewar fata, barcin da aka kasa tayar da kai, ko tunanin kashe kai. Faɗa wa maiɗakinka waɗannan tun yau, domin ita za ta fara gani, a wuce asibiti mafi kusa da kwalin maganin a hannu.

Sayen magani kuma sai a kantin da ke da rajista, da takardar likita, ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Kowane dare kafin ka kwanta ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, ko da madubi ne, domin maganin ya rage zugi ne kawai, jijiyar ba ta warke ba, ƙusa na iya shiga ba ka ji ba.