Me ya sa ciwon damuwa ya fi kama mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da haihuwata, har yau ban dawo daidai ba. Ba barci, abinci ba ya shiga, sai kuka ba dalili. Unguwarzoma ta ce ciwon damuwa ne, kuma ya fi kama mata. Da na faɗa wa maigida sai ya ce ai dama mata raunin zuciya gare su. Da gaske ya fi kama mu? Me ke jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Unguwarzoma ta faɗi gaskiya, fassarar maigida ce ba ta zauna ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun nuna cikin manya 100, mata kusan 6 ne ke fama da wannan ciwo, maza kuma kusan 4. A masu ciki da masu jego kuwa, ya haura 1 cikin 10.

Abin lura, a yarinta ba a ganin wannan tazara sosai tsakanin yara maza da mata. Sai an kai shekarun balaga, wajen 12 zuwa 15, take buɗewa. Wannan ya sa ake duba sinadaran jikin mace, estirojin da furojestaron, masu hawa da sauka da al'ada, da ciki, da lokacin ɗaukewar haila. Suna cika jiki maƙil a watannin ciki, mahaifa na fita sai su zube cikin kwanaki kaɗan. Shi ya sa masu jego da yawa kan yi ta hawaye kafin suna, abin ya wuce da kansa cikin mako biyu. Naki da ya kai wata huɗu ya wuce wannan, magani yake so. Ƙarancin jini da matsalar ƙullin maƙogwaro (thyroid), waɗanda su ma suka fi samun mata, kan kawo kasala da mutuwar jiki iri ɗaya, don haka a gwada miki su.

Amma a ganina sinadari kaɗai bai isa bayani ba, don kowace mace na da shi, ba kowace ke kwantawa ba. A dubi ranar mace ɗaya: ta tashi sau huɗu da dare ba da nono, asuba ta hura wuta, ga wanki, ga 'yan makaranta, ga cefanen da bai kai ba. Wata tana zaman fargabar kishiya, wata an sake ta da goyo, wata an raba ta da karatu an kai ta garin da ba ta da kowa. Hukumar nan ta ƙiyasta mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, galibi daga wanda take zaune da shi. In ta buɗe baki a ce ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, sai dai ba ya mayar da barcin da ya ƙaurace. Namiji in ransa ya ɓaci ya fita majalisa ko wajen mai shayi, ita kuwa tana ɗaki tana saƙa da warwara. Masaniya Susan Nolen-Hoeksema ta Amurka ta nuna cewa irin wannan tuƙa tunani ya fi yawa a mata, kuma yana tsawaita ciwon.

Sai batun ƙidaya, wanda nake so maigida ya ji. An tashi namiji kan cewa ba ya kuka, don haka nasa kan fito da wata fuska: faɗa ba gaira ba dalili, shiru, kwana a waje, ko tiramol da kodin. Ba ya zuwa asibiti, ba ya shiga lissafi. Amma a duniya, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu.

Ki koma asibiti, in da hali tare da maigida. Akwai tambayoyi 10 na gwajin Edinbura da ake yi wa masu jego tun 1987, minti biyar ya isa. Ana samun magani irin su sertraline da mai shayarwa kan iya sha bisa umarnin likita, sai dai yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kada ki yar da shi a mako na farko. Addu'a da magani ba sa karo. A samu wadda za ta riƙa karɓar miki jaririn ki runtsa. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani na kusa a kai ki asibiti a ranar.