Amsa ga ƙanena a Maradi kan sayen tsohon gida a tsakiyar Marsai

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya tare da Baba Alhaji da Hajiya da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa bayan ka kammala karatunka a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kana neman gurbin ƙaro ilimi a nan Marsai ta ƙasar Faransa, Baba Alhaji kuwa yana ganin da a yi ta zuba kuɗin haya wata bayan wata, gara ya saya maka wani sashen tsohon bene mai ɗaki biyu da ka gani a intanet a unguwar Noailles, tunda farashinsa da sauƙi.

Ban yi mamaki ba da unguwar ta kwanta maka a rai. Nan nake zuwa cefane a kasuwar Capucins, inda ƙanshin kayan yaji yake tarbar mutum tun daga bakin titi, ga kuɓewa da naman halal, ga tashar jirgin ƙasa ta Saint-Charles da ake zuwa a ƙafa. Duk wanda ya tashi kusa da babbar kasuwar Maradi ba zai ji baƙunta a wurin ba. Sai dai abin da nake so ku gane, kai da Baba Alhaji, shi ne cewa sayen irin wannan gida ya sha bamban da sayen gida a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maradi, inda ƙasa da katanga da rufi duk naka ne, kuma kai kake zaɓen ranar kiran magini. A nan kaso kake saye a cikin ginin da kuke tarayya da mutanen da ba ka sani ba. Bisa dokar Faransa ta 1965, rufi da matakala da tushen gini mallakar kowa ne, ana taron masu gida sau ɗaya a shekara, ana kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyare, kuma abin da aka zartar dole ka biya kasonka ko da ba ka yarda ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Noailles. Ranar 5 ga Nuwamba 2018 tsofaffin benaye biyu suka rushe a titin Aubagne, cikin wannan unguwa, mutum takwas suka rasu, daga baya kuma hukuma ta kwashe dubban mutane daga gine-ginen da aka ga suna da haɗari. Ina garin a lokacin, kuma har yau idan na bi ta gaban filin da ya rage sai jikina ya yi sanyi. Saboda haka idan ka ga gida da araha a tsakiyar gari, tambayar farko ita ce me ya jawo arahar.

Ni ma na sha wannan darasi a gidan da nake ciki, a wata unguwa daban. Ranar da na je dubawa fenti sabo ne, tagogi manya, rana tana shigowa har tsakiyar falo, ban ko nemi a buɗe mini ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ba. Sai bayan na tare na sauka can, na tarar da warin danshi, ƙarafan da suke ɗauke da daɓe sun ci tsatsa har suna ɓarewa a hannu. Shekara biyu bayan haka aka zartar da gyaran rufi da ƙarafan, kasona ya cinye abin da na daɗe ina tarawa don zuwa gida, ga maƙwabta biyu da ba sa biyan nasu, aikin ya yi ta jan ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wannan yana rubuce cikin takardun taron masu gida na shekaru uku da doka ta wajabta a ba mai saye, an ba ni, amma ban tsaya na karanta su da kyau ba. A cikinsu ake ganin gyaran da aka ɗage, da bashin da ake bin masu gidan, da kuɗin hidimar gini da ake biya a kai a kai.

Akwai kuma rahotannin binciken gida. Ginin da aka yi kafin 1949 sai an duba darma a fentinsa, wanda aka ba da izinin gina shi kafin Yulin 1997 sai an duba amiyant, wato asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa take cutar da huhu. Ka lura sosai da harafin da aka ba gidan kan cin makamashi, daga A, mafi ƙarancin ci, zuwa G, mafi yawan ci, domin tun Janairun 2025 an hana ba da sabuwar hayar gida mai harafin G, mai F kuma zai bi sahu a 2028. Idan niyyar Baba Alhaji ita ce a sa 'yan haya bayan ka gama karatu, wannan harafi zai iya rushe lissafin baki ɗaya.

Batun kuɗi ma bai tsaya ga farashi ba. A tsohon gida, haraji da ladan noter, wato jami'in da yake tabbatar da ciniki, suna kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari. A ɗauka gidan yuro 100,000 ne, wato kusan sefa miliyan 65 da dubu 600. Za a ƙara abin da ya kai miliyan huɗu da rabi zuwa biyar da ɗoriya, kuɗin da ba ya dawowa idan an sayar bayan shekara biyu. Noter zai nemi hujjar inda kuɗin suka fito, sannan ga harajin gida duk shekara. Ka kuma faɗa wa Baba Alhaji a fili cewa mallakar gida a Faransa ba ta ba mutum biza ko katin zama, ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun farkon 2024, don haka bai kamata a ɗaure dukiya a nan ba kafin takardunka su tabbata.

Shawarata ita ce idan Allah ya kawo ka, ka kama haya shekara ɗaya tukuna, ka ga unguwar da dare lokacin da hayaniya take hana barci, ka ga sanyin Janairu a cikin tsohon ɗaki. Kafin nan ka turo mini adireshin gidan, ranar Asabar zan je in hau matakalar da kaina, in sauka ƙarƙashin ƙasa, in nemi takardun taron. Idan na gama karanta su zan kira Baba Alhaji bayan sallar isha'i in yi masa bayani da bakina. A gaida Hajiya da kyau.