Ƙanena zai hau kayak a Tarkwa Bay, ya ce ba ya buƙatar rigar ceto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana aiki a Legas, shi da abokansa sun shirya zuwa Tarkwa Bay su hau ƙaramin kwale-kwalen roban nan da ake kira kayak. Bai taɓa hawa ba. Na ce ya sa rigar ceto, sai ya yi mini dariya, wai a Yawuri ya tashi, tun yana yaro yake iyo a kogin Kwara, kuma wai ruwan wurin a kwance yake kamar tafki. Hajiyarmu ta kasa barci. Don Allah wurin yana da haɗari? Me ya kamata ya sani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar wa Hajiya hankali, amma kada ka sassauta wa ƙanenka. Tarkwa Bay wuri ne da sabon shiga zai iya koyo, domin katangun duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwan Legas suna karya ƙarfin igiyar teku kafin ta iso. Sai dai bakin wurin a buɗe yake ga mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Tsakanin inda yara ke wasa da inda ruwa ke cin mutum babu nisa.

Ya nemi kayak irin wanda ake zama a samansa, ba wanda ake zura ƙafafu a ciki ba. Mai faɗin santimita 75 zuwa 85 ya fi zama daram. Ramukan da zai gani a ƙasan mazauni na fitar da ruwa ne, ba lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne marfin magudanar da ke ƙarshen jirgin: in bai toshe da kyau ba, ruwa zai riƙa shiga cikin gangar jikin a ɓoye, jirgin ya yi nauyi, ya fara tangaɗi, ya kife ba tare da wata igiya ba. Filafili mai baki biyu, tsawon santimita 230 zuwa 250, ya ishi yawancin manya, kuma a ɗaure shi da jirgin da ɗan igiya. Kada ya shiga da jallabiya ko wandon jins. Ya ɗauki ruwan sha lita biyu, hula, usur, da waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a rataye a jikinsa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kowane zango kimanin awa shida. Ya fi gudu a awa ta uku da ta huɗu, kuma ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na daren sha huɗu. Lokacin janyewa ruwan tafkin Legas yana fita teku ta wannan mashigar, da damina ma ya fi zafi. Sabon shiga ba ya wuce kilomita uku zuwa huɗu a awa. Ka ga ke nan in ya leƙa bakin katanga a irin wannan lokaci, zai yi ta tuƙi yana ganin gaɓa tana nisa. Iska kuwa, mafi yaudara ita ce mai tasowa daga tudu zuwa ruwa, don tana shafe ruwan bakin gaɓa ya yi luf. Ya tsaya a yashi yana fuskantar ruwa: in iska tana bugun ƙeyarsa, kada ya yi nisa. In ya hango farin kumfa jefi-jefi a kan ruwa, ko hadari ya haɗo, ko hazon hunturu ya rufe ɗaya gefen, a fasa. Ya fara da tuƙi yana fuskantar iska, don ta tura shi a hanyar dawowa lokacin da hannu ya mutu.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato “ni na iya iyo”. Babu ranar da ba ma jin ta, kuma daga bakin gwanaye take fitowa. Wanda bai iya ruwa ba shi ke fara neman riga, gwani ne ke cusa ta ƙarƙashin mazauni.

Wanda ya faɗa kogi don iyo ya shirya, ya cika ƙirjinsa da iska, ya san inda zai fita. Wanda kayak ya kife da shi bai shirya ba. Sau da yawa da ka yake shiga, ruwan gishiri ya hau masa hanci da maƙogwaro, ya taso yana tari, igiya ta biyu ta same shi baki buɗe. A wannan ɗan lokaci jirgin da ba kowa a kansa ya zama kamar buhun leda, iska tana tafiya da shi fiye da saurin mai iyo. In rigar tana ɗaure a jirgin, ta tafi tare da shi. In ma tana hannunsa, sa riga da ɗaure maɗaurai uku a cikin ruwa mai motsi aiki ne da ke gagarar ƙwararru. Ga kuma gangar jirgin ko dutsen katanga da ka iya bugun kai. Wanda ya suma ba ya iyo, ko shi ɗan Sarkawa ne. Kuma mai nutsewa ba ya ihu yana ɗaga hannu yadda mutane ke zato. Numfashi yake nema, babu sarari na kira. Abokansa na iya kasancewa taku ashirin daga gare shi suna ɗaukar hoto.

To ba kowace rigar ruwan lemo ce rigar ceto ba. Ya duba tambarin ciki. Mai lamba 50N (lambar tana nuna ƙarfin rigar na ɗaga mutum a ruwa) tana taimaka wa wanda ya iya iyo a ruwa mai kariya kusa da gaɓa, amma ba ta juya fuskar sumamme sama. Duk wanda iyonsa bai nuna ba a cikin abokan, ya nemi 100N ko fiye, mai wuya. Ya ɗaure maɗaurai daga ƙugu zuwa sama, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja da ƙarfi. In ta hau har kunne, a ruwa ma haka za ta yi, ita tana sama shi yana ƙasa. Abin takaici, wasu masu bayar da haya suna miƙa wa mutane rigunan da rana ta cinye, soson ciki ya lotse saboda an mayar da su matashin zama, an maye makulli da igiyar shanya. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jihar Legas da NIWA ta tarayya, sun wajabta sa rigar ceto, amma sa ta don idon jami'i a tashar jirgi a cire da an bar gaɓa, wa aka yaudara? In rigar ba ta da kyau, ya karɓi kuɗinsa.

Sai masu sayar da laya da guru, wai “maganin ruwa”. Wanda ya sayar yana zaune a tudu yana ƙirga kuɗi. Masu cewa “in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa” kuma, gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai taguwa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Rai amana ce, kuma akwai uwa a gida da ba ta barci.

Kafin su yi nisa, kowannensu ya gwada kifewa da gangan a ruwan da ya kai ƙirji. Ya riƙe jirgin tukuna, ya juya shi, ya sake ƙafafu su taso bayansa kamar mai iyo, ya ja cikinsa ya kwanta a gicciye kan mazauni, ya mirgina ya zauna, sannan ya shigo da ƙafafu. Wanda ya yi ƙoƙarin hawa da gwiwa zai sake kifewa. Sau uku a jere, in bai iya ba, ranar ya tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Wajen barin gaɓa, hancin jirgi ya fuskanci igiya kai tsaye, kuma kada ya tsaya tsakanin jirgi da yashi, don igiya za ta maka masa shi a ƙwauri. Fitar farko kada ta wuce awa ɗaya, da safe, su uku aƙalla, tare da mai koyarwa da ya san wurin. Ya faɗa maka lokacin da zai fito, in ya wuce da rabin awa bai kira ba, kai ka fara kira.