Tambaya da Amsa: Tsabar Zinariyar Rumawa ta Shigo Hannuna

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar zinariya a kasuwar Balogun. Wani bawan Allah ya kawo mini tsaba guda mai hoton kan sarki, ya ce ta Rumawa ce. Na ɗora ta a sikeli, ta ba da giram 4.4, kuma a bayanta, can ƙasa, an rubuta CONOB. Shin ta gaske ce? Narkar da ita zan yi ko in adana? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai ina roƙonka kada ka goga ta a dutse, kada ka ɗiga mata asid, kada kuma ka wanke ta don ta yi ƙyalli, domin masu tara irin waɗannan tsabobi tarihi suke saye, kuma ƙarzane ɗaya yana iya karya mata daraja.

Siffar da ka bayar ta dace da solidus, wadda Sarki Kustantin ya fito da ita a farkon ƙarni na 4 na Miladiyya, ana buga guda 72 daga zinariya mai nauyin fam ɗaya na awon Rumawa, wato kowace kusan giram 4.5. Wadda ta gabace ta, aureus, ta kai kimanin giram 8 a zamanin Sarki Agustus, kafin Sarki Nero ya rage ta a shekara ta 64 Miladiyya. A rubutun CONOB da ka gani, CON na nufin birnin Kustantiniyya (Istanbul ta yau), OB kuma tatacciyar zinariya. Irin wannan tsaba ce Larabawa suke kira dinari, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga nasa mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira.

Sai dai nauyi kaɗai ba hujja ba ne, don mai jabu ma yakan yi aiki da zinariya mai kyau. Rumawa da guduma suke buga tsaba tsakanin hatimi biyu, ba zubi suke yi ba. Ka sa gilashin da kake duba sarƙa da shi ka bi gefenta: in ka ga layin haɗi ko ƙananan ramuka kamar na kumfa, zubi ce.

Abin da ya fi damuna shi ne asalinta. Ka tambayi mai ita inda ya samo ta, da takardar da ke nuna hannun da ta bi, saboda ƙasashe irin su Italiya da Turkiyya da Masar sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma manyan gidajen gwanjo sukan guji tsabar da ba a san tushenta ba. Ka ɗauki hoton fuskokinta biyu da gefenta ka aika wa masanin tsofaffin kuɗi kafin ka biya ko kwabo.