Golf GTI a hanyar ƙauye: in sauke ta ƙasa ko in bar ta yadda take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ina da Golf GTI ƙirar 2007, Beljiyam na saye ta. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Kazaure, sai na yi tafiya a burji kafin in hau kwalta, kuma ina yawan shiga Kano ta Dambatta. Motar tana da ƙarfi, amma in na sha kwana da gudu sai ta kwanta gefe, a gargada kuma ƙafarta sai ƙara. Abokaina sun ce in sa mata koiloba, wato shakazoba haɗe da sifirin da ake iya daidaita tsayinta, in sauke ta ƙasa, in kuma sa rim 18 ko 19. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sauke ta. Tun daga kamfani Volkswagen ya riga ya sauke GTI irin taka da milimita 15 a kan Golf ta gama-gari, kuma da titunan Jamus ya yi wannan lissafin, ba da burjin Kazaure a watan Agusta ba.

Abokanka suna da hujja, ban musa ba. Mota in ta matso ƙasa nauyinta ya sauko, ba ta cika kwanciya a kwana ba. Amma wannan yana aiki ne a titi mai sumul. Abin da ke riƙe mota a hanya shi ne taya ta zauna a ƙasa koyaushe, kuma ba za ta zauna ba sai ƙafar tana da filin hawa da sauka. Sifirin ɗin saukewa, irin su Eibach Pro-Kit, sukan cinye kimanin milimita 25 zuwa 30 daga tsayin mota, kuma daga wancan filin suke cinyewa. Ka shiga kwana da gudu, ka taka wajen da kwalta ta kumbura ko aka yi mata faci, sai ƙafar ta kai ƙarshe ta doki robar tsayawa. A wannan lokacin tayar tsalle take yi, sitiyari kuwa ba ya juya tayar da ke sama. Ga kuma kaskon baƙin mai da ke ƙasan injin, wanda muke kira botom fileti. Na motarka na alminiyam ne, ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake. Dutse ɗaya a tsakiyar burji, ko tudun rage gudun da mutanen gari suka gina da kansu ba tare da awo ba, ya isa ya zubar maka da mai, in ba ka lura da wuri ba injin ya tafi.

Kwanciyar da kake ji da ƙarar nan, ina kyautata zaton tsufa ne. Motar ta haura shekara 15. Kafin ka sayi komai, kai ta wurin mai aikin ƙafa ya ɗaga ta ya duba bushin (robar mahaɗi) ɗin lowa-am na gaba, wato hannun ƙasa da ke riƙe ƙafar, musamman babban na baya wanda ya saba mutuwa a wannan ƙirar, da boljoyin, da tayarod, da linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar hana kwanciya), da mazaunin shakazoba na sama. Bayan motar ma hannuwa ne da yawa, kowanne da bushin ɗinsa, kuma nan ne makanikai suka fi tsallakewa. Ƙarar gargada sau da yawa linkej ne kawai, abu mafi araha a cikinsu.

Inda ya dace kuɗinka ya tafi shi ne shakazoba. Sifirin yana ɗaukar nauyi ne, shakazoba kuma ita ke hana shi ci gaba da lilo bayan an taka rami. Aikinta ta mayar da wannan motsin ya zama zafi a cikin man da ke cikinta. A burji mai tsagi-tsagi tana hawa da sauka ba hutu, ga zafin ranar Afrilu, sai man ya yi zafi ya yi kumfa, ta daina riƙo. Shi ya sa mota takan fara tafiya lafiya da safe, bayan rabin awa ta koma kamar kwalekwale. Shakazoba mai bututu ɗaya da iskar gas mai matsi ta fi jure wannan, domin gas ɗin yana danne man ya hana shi kumfa, zafin kuma yana fita da sauri. A shakazobar kamfanin Bilstein, B4 madadin wadda motar ta zo da ita ce, B6 ita ce mai bututu ɗaya da aka yi don sifirin na asali, B8 kuwa gajeriya ce ta motar da aka sauke, ba taka ba ce. Ni B6 zan sa a kan sifirin ɗin da motar ta zo da shi. Za ka ji ta ɗan yi tauri a ƙananan ramuka, amma lilon zai tafi. In aljihu bai kai ba, sabuwar Sachs ko KYB ta gaskiya ta fi shakazobar Beljiyam da ba ka san tafiyar da ta yi ba. A Ƙofar Ruwa akwai mai kyau akwai jabu a kwali mai kyau, don haka ka tafi da lambar shasin motarka da makaniken da ya san kaya. A canza biyu-biyu, hagu da dama tare.

Koiloba mai araha ba na so in gan ta a ƙauye. Zaren da ake murzawa a daidaita tsayi a waje yake, ƙurar hunturu da taɓon damina suna cika shi har ya kafe. Bushin ɗin roba mai tauri da ake kira foliyuretan shi ma in ƙura ta shanye giris ɗinsa sai kuka. Yanke sifirin ko gasa shi da wutar walda kuwa, wanda ya ba ka wannan shawarar kada ka sake ba shi makullinka.

Batun rim, lissafi ne. Taya 225/45 a rim 17 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 101. A rim 18 da 225/40 ya koma 90, a rim 19 da 225/35 bai kai 80 ba. Wannan gefen shi ke fara shanye dukan rami. In ya yi kaɗan sai tayar ta yi ƙulu ko rim ya lotsa, mai facin ƙauye kuma ba shi da tayar 19 da zai ba ka. Ka tsaya a 17, ka sayi sabuwar taya mai suna. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a jikinta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba robarta ta bushe.

Akwai masu ƙara kaurin sandar da ke haɗa ƙafafun baya don mota mai ja da gaba ta daina turo hanci waje a kwana. A kwalta yana aiki. A kan yashi ko jiƙaƙƙen burji kuwa, in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan motar zai iya juyowa, kuma hanyarku akwai amalanke da ’yan acaɓa da shanu masu tsallakawa. Ka bar wannan tukuna har ka ji motar da sababbin kaya.

Wajen ɗauri ka tsaya a kan makaniken: kada ya ƙarasa ɗaure kusoshin bushin motar tana rataye a jak, sai ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga nan a yi alaimen na ƙafa huɗu a na’ura, domin bayan motarka ma ana saita shi. In da sauran canji, ka sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, mai ramukan shan iska da ƙofar juye.